Baba Ya Je Binciken Makarantata

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin labarina, da ku da kuka shigo yau kuna leƙe. Na ga saƙonninku. Masu cewa “Maijidda kin cika taurin kai”, na gode, amma Inna ta riga ku faɗa tun ina goye. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Maijidda 'yar Malam Badaru, manomi a wani ƙauye tsakanin Makoda da Ɗanbatta. Na yi digiri a Kano, na yi hidimar ƙasa, na nemi aiki har takalmina ya siɗe, na dawo na zauna gaban kaskon Inna Hure muna soya gyaɗa, mu matse mai, mu murza ƙuli-ƙuli. Yau ku yi mini haƙuri, taƙama zan yi da ubana, kuma ba zan rage komai ba.

Sai dai dole in fara da Khalilu, don shi ya jawo komai.

Khalilu saurayina ne, a Bacirawa yake zaune, yana aiki a wani kamfanin sayar da wayoyi a cikin Kano. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci zai iso a mashin ɗinsa, shadda ruwan toka ta sha guga, hula ta zauna a gefe, turarensa ya riga sallamarsa shiga gida. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. Ku riƙe wannan, don kada anjima wata ta rubuto mini cewa dama ban taɓa son sa ba.

Yana da digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma ba ya bari ka manta. Wata Juma'a muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, na ce masa ina so in koyi yadda ake tafiyar da sana'a ta zama kamfani, don na gaji da ganin 'yan sari suna kwashe mana mai a araha su zuba a jarka mai tambari su ninka kuɗi. Sai ya yi murmushin nan nasa na malamai, ya zaro waya.

“Jidda, ba kowace makaranta ce makaranta ba. Kin san ranking?”

“Ban san shi ba. Ɗan ina ne?”

“Ki daina wasa. Akwai masu auna makarantun kasuwanci duk shekara, su jera su daga ta sama zuwa ta ƙasa. Sukan tambayi waɗanda suka gama, kun samu aiki? Albashinku ya ɗaga? Su tambayi kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata, ɗaliban ina kuka fi jin daɗi? Su duba malamai da binciken da suke rubutawa. Har yawan mata a aji suna dubawa. Mai hankali ba ya neman makaranta sai ya duba wannan.”

Ya ja allon da yatsa, ya ja, ya sake ja, sannan ya tsaya a wajen tsakiya. “Kin ga tamu nan. Ni wanda makarantarsa ba ta cikin jerin nan ko gardama ba na yi da shi.”

Na ce masa ma sha Allah. A raina kuwa idona yana kan waɗanda ya wuce da sauri a can sama.

A garinmu waya ba ta kama sabis mai ƙarfi sai ka hau tudun da ke bayan rumbunan Baba. Nan na mai da ofishina. Kullum in mun sauke kasko da la'asar sai in hau, hijabina yana warin hayaƙi, in zauna ina karanta makarantun nan ɗaya bayan ɗaya. A cikin na sama-sama na samu wata a can ƙasar Yarbawa, ba zan kama suna ba, tana ba da tallafin karatu ga mata masu ƙananan sana'o'in amfanin gona. Na nema ban gaya wa kowa ba. Ranar da suka yi mini tambayoyi ta bidiyo, zakaran Inna ya biyo ni har kan tudun ya yi cara a tsakiyar maganata, matar da ke tambayar ta yi dariya har da share hawaye. Na sauko ina cewa shi ke nan, zakara ya kashe ni.

Sai ga saƙo: sun ɗauke ni, karatu da ɗakin kwana duk a kansu, amma dole in ba su amsa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wata gurbin.

Wa zan fara gaya wa in ba malamina Khalilu ba? Na rubuta masa:

“Albishirinka.”

“Goro fari ƙal, gimbiya.”

Na tura masa hoton saƙon. Ya buɗe, na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa. Har tururuwa suka fara hawa ƙafata.

“Wace makaranta ce wannan?”

“Tana cikin jerin da ka nuna mini. Can saman taku.”

Ku yi mini shaida, da farin ciki na rubuta, ba da gori ba. Amsarsa ta zo a gajarce:

“Jidda, ranking ɗin nan fa duk kasuwanci ne. Kada ki biye musu. Za mu yi magana.”

Na daɗe ina kallon wayar. Mutumin da ba ya gardama da wanda ba ya cikin jeri, yau jerin ya zama shirme saboda sunan makarantata ya hau kan na tasa. Abin ya yi mini ciwo sosai, amma na ce ƙila tsoron nisa ne, ai so yana sa mutum faɗar abin da bai shirya ba.

Kafin in gama haɗiye wannan, Gwaggo Larai ta sauka. Yayar Baba ce, kuma duk maganar da ta shiga gidanmu sai ta bi ta bakinta kafin ta fita. Ta zo da atamfarta mai ganyen kuka, mayafi a kafaɗa, ta zauna a kan turmi ta ƙi tabarma, alamar ba zaman lafiya ya kawo ta ba.

“Hure, kina zaune 'yarki za ta tafi Kudu? A wannan marra? Tun da aka cire tallafin mai wa ya ƙara ganin daidai? Gidaje nawa ne ake ɗora tukunya sau ɗaya a garin nan? Yaro ya fito da sana'arsa, mutanensa sun ce da kaka za su kawo gaisuwa, ita kuma tana hawa tudu tana neman boko na biyu. Na farkon me ya tsinana mata? Ba ga ta nan tana murza ƙuli ba?”

Inna ta ce, “To Yaya, ni ma abin da nake gaya mata ke nan.” Ba ta gaya mini ba, amma gaban Gwaggo kowa yakan tuna abin da bai faɗa ba.

Na ce, “Gwaggo, shekara ɗaya da 'yan watanni ne fa. Ba auren na ƙi ba.”

“Rufe mini baki! Namiji yana jira ne? Ki dawo ki tarar wata ta shanya kayanta a igiyarki.”

Baba yana jin mu daga bakin turken awaki, yana ta gyaran ƙotar fartanyarsa. Haka yake. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, bai yi boko ba ko na rana ɗaya, kuma bai taɓa yanke magana a ranar da aka kawo ta ba. Ni kuwa kwanakin wata suna ta tafiya, kuma na san in bai ce e ba, ko ƙofar zaure ba zan wuce ba.

Sai bayan 'yan kwanaki ya kira ni da la'asar. Na durƙusa gefen tabarmarsa.

“Maijidda, wannan jerin da ake ta magana, yi mini bayaninsa da Hausa.”

Na yi masa yadda Khalilu ya yi mini. Na ce ana tambayar waɗanda suka yi karatu a wurin suka fita, ana tambayar waɗanda suka ɗauke su aiki, ana duba malaman.

Ya gyaɗa kai a hankali. “Ashe bincike ne. Irin na aure.”

“Kusan haka ne, Baba.”

“Su wa suka yi binciken?”

“Wasu masana ne.”

“Kin san su? Kin san iyayensu?”

“A'a, Baba.”

“Sun tambayi inda 'ya mace za ta kwana? Sun tambayi inda za ta yi salla? In ta yi zazzaɓi wa zai ce mata sannu?”

Wannan kam babu shi a jerin.

“To sun yi nasu, Allah ya biya su. Saura nawa. Ni ban taɓa ba da 'ya gidan da ban bincika ba. Da yayarki Maryam za ta yi aure har Kazaure na je, na zauna wajen mai shayin unguwarsu na ji abin da ake faɗa a kan yaron. Wannan ma gida ne za ki shiga, su ci da ke su sha da ke. Zan je in gani.”

Wallahi dariya ta fara zuwar mini. Binciken aure a kan jami'a! Sai na kalli fuskarsa, dariyar ta koma ciki. Na ce, “Baba, kuɗin mota fa? Ka san yadda ya koma.”

“Motar shanu tana tashi daga Ɗanbatta ran kasuwa. Na san direban.”

'Yan birni, bari in gaya muku yadda ake hawa motar shanu. Shanun suna ƙasa, mutane suna sama a kan katakan da aka gicciya, rana ta dake ka, ruwa ya dake ka, in ka yi gyangyaɗi ka faɗa kan ƙaho. Ga damina ta yi tsakiya, ga gonar gyaɗarsa tana jiran maimai. Inna ta yi kuka, Gwaggo ta ce na haukatar da ƙaninta. Shi kuwa ya sa babbar rigarsa shuɗiya ta zuwa ɗaurin aure, wai ba a zuwa bincike da kayan gona. Ya ɗaure buta da ɗan bargo, Inna ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino, ya saka ƙaramar wayarsa mai tocila a aljihu ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Wayarsa ta mutu tun a hanya. Ni da Inna muka shiga gonar gyaɗar da kanmu, tafin hannuna ya yi ƙanta. Gwaggo kullum sai ta leƙo ta ce, “An ji shi?” in mun ce a'a ta kalle ni ta tafa hannu ta fita. In na ɗaga loma sai in tuna Baba a saman katako, in mayar.

Khalilu kuma ya shiga wani hali da ban gane ba a lokacin. Saƙo kan saƙo.

“Wai da gaske Baba tafiya ya yi?”

“Da gaske.”

“Har can makarantar? Cikinta zai shiga?”

“To da ina zai shiga?”

“Ai da an gaya mini da na hana shi wannan wahalar. Ya kira? Me ya ce?”

Har na ji daɗi, na ce dubi yadda ya damu da mahaifina. Ku dai bar ni, na san abin da za ku ce.

Da hantsi Baba ya dawo, ranar wata Juma'a. Na ji sallamarsa ina tsakar gida ina tankaɗe, na saki rariyar a ƙasa. Babbar rigar nan shuɗiya ta koma kalar ƙasa, tana warin shanu. Idanunsa sun faɗa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga, a hannu ya riƙo shi. Na durƙusa zan gaishe shi, kuka ya ƙwace mini.

“Ke tashi, ba mutuwa na yi ba. Kawo mini fura.”

Ya sha, ya yi wanka, ya je masallaci yana ɗingishi. Da ya dawo ya sa aka kira Gwaggo. Inna ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a baho ya tsoma ƙafafunsa, mu uku muka zauna a gabansa kamar masu jiran hukunci.

“Na sauka a zangon Hausawan garin,” ya fara. “Na tambayi asalin makarantar, wa ya kafa ta, an gaya mini. Na tambayi maƙwabta, masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da 'yan acaba. Ba wanda ya ce sun taɓa cin haƙƙinsa. Na shiga ciki. Akwai masallaci, na yi azahar da la'asar a ciki, limamin ya ba ni hannu muka gaisa. Na ce a nuna mini ɗakin kwanan mata. Na doshi ƙofar, wata mata mai gadi ta taso mini da faɗa da Yarbanci, ta kore ni kamar ɗan akuya ya shiga rumbu.” Ya yi murmushi. “Tun da nake ba a taɓa korata na ji daɗi irin na ranar ba.”

Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. Gwaggo ta ce, “Wannan duk ganin ido ne, Badaru.”

“Haka ne, Yaya. Shi ya sa na nemi wadda ta zauna a gidan ta fita, don ita ta san cikinsa. Mutanen zango suka ce akwai wata Bahaushiya. Kin san ko wace ce? Naomi, 'yar Maikano na tsallaken rafi, wanda muke musayar irin gyaɗa da shi. A can ta gama, yanzu riɗi take saye tana turawa waje. Da ta gan ni ta durƙusa har ƙasa. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce karatun akwai wuya, abincin akwai barkono, wasu malaman akwai jin kai. Ta ce amma ba wanda ya taɓa hana wata sa hijabi ko zuwa coci. Ta ce in Maijidda ta zo, ɗakinta a buɗe yake.”

Ya gyara ƙafarsa a cikin ruwan, ya ɗan cije leɓe.

“Ita ta kai ni wajen wani babban malaminsu, tana yi mana tafinta. Na ce masa, na ji ana auna ku da albashin waɗanda kuka yaye. To tawa ba albashi za ta nema ba, gida za ta dawo wajen kaskon uwarta. Ba za ta ja ku ƙasa ba? Ya yi dariya ya ce ƙila ta ɗan ja su, don masu aunawar albashi suka fi iya ƙirgawa. Ya ce amma sun san haka suka ɗauke ta. Mutumin da ya faɗi abin da zai rage shi, na yarda da sauran maganarsa.”

Ni dai a lokacin ji nake kamar in fita in tara garin nan kaf in ce ku zo ku ga ubana. Mutumin da bai iya rubuta sunansa da boko ba, ya zauna a ofishin shehun malami da rigarsa mai warin shanu yana yi masa tambayoyi, kuma aka ba shi amsa.

Sai ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar leda ya miƙa wa Inna. “Hure, ɗanɗana. A bakin makarantar na saya.”

Ƙuli-ƙuli ne. Inna ta gutsura, ta tauna, ta yamutsa fuska. “Wannan ai ba a matse shi ba, Malam. Kuma gyaɗar ta ƙone.”

“Shi suke rububi a can. In za ta tafi, ki cika mata buhu.”

In za ta tafi. Na ji kalmomin sun sauka a ƙirjina. Gwaggo ma ta ji su, ta miƙe zaune. “Badaru, yaron mutane fa? Me za a ce wa Khalilu?”

Murmushin Baba ya ɗauke. Ya kalle ni, kuma na ga tausayi a idonsa, abin da ya fi faɗa ba ni tsoro.

“Kun san abin da ya tashe ni tafiyar nan? Kafin in kira Maijidda, Khalilu ya same ni a gona. Ya ce shi ya taɓa zuwa makarantar, da idonsa ya gani. Ya ce babu masallaci, maza da mata gini ɗaya suke kwana, kuma sai mace ta cire hijabi a bakin ƙofa. Ya ce in hana ta, amma kada in ce daga bakinsa na ji.”



“Ban ce ya yi ƙarya ba, ban ce ya yi gaskiya ba. Na ce bari in je. Na tafi binciken gida ɗaya, na dawo da na gida biyu.” Ya juyo gare ni. “Makaranta na amince, ki je ki ba su amsa yanzu. Shi kuwa yaron, ba ni zan zauna da shi ba. Na gaya miki abin da na gano, sauran naki ne.”

Gwaggo Larai, wadda ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta sauke idonta ƙasa. Can ta ce a hankali, “A gona ya same ka?”

Na hau tudu. Na rubuta wa makarantar na karɓa, na tura, na ga ya tafi. Ina so in yi guɗa, ina so in yi kuka, na rasa wanne zan fara. Ban sauke wayar ba wani saƙon ya shigo.

“Gimbiya, ina ƙofar gida. Na ji Baba ya dawo.”

Na leƙa daga saman tudun. Ga mashin ɗinsa a gindin darbejiya, ga shaddar nan ruwan toka tana ɗaukar ido. Kuma tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, gabana ya faɗi irin faɗuwar da yake yi duk Juma'a. Zuciya ba ta da kunya, wallahi.

Kafin in sauko, Baba ya sa an fitar masa da tabarma da bahonsa zaure, daidai inda duk mai shigowa sai ya gaishe shi. Na iso na tarar Khalilu ya cire takalmi ya tsuguna.

“Baba, barka da dawowa. Ya hanya?”

“Lafiya lau, Khalilu, alhamdu lillahi. Limamin masallacin nan da ka ce babu, yana gaishe ka.”

Khalilu ya sunkuyar da kai, hularsa kawai nake gani. Baba ya ɗago ya gan ni tsaye a bakin ƙofa, ya ce, “Maijidda, ga baƙonki.”

Khalilu ya juyo yana neman idona, bakinsa ya fara haɗa “Jidda”. Ni kuwa ban kalle shi ba tukuna. Ƙafafun Baba nake kallo a cikin bahon, yadda suka kumbura har fatar tana sheƙi. Na durƙusa na taɓa ruwan, na ji ya huce.

Na ce, “Malam Khalilu, ka jira. Zan sake wa Babana ruwa.”